Hular da ƴata ta nuna mini

Akwai wata la'asar da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

A shekarar nan, ƴata ta fari tana shirin jarrabawar birebe a kolej nan Gure. Ni lissafi ne ya tsayar da ni a firamare, shi ya sa na ƙudurta ba zai tsayar da ita ba. Kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa mata tabarma gindin itacen bedi, in zauna ina tsintar shinkafa, ita tana fama da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Ba ta daɗewa sai ta dafe goshi ta ce kanta na sarawa. Ni kuwa na riga na yanke cewa ƙiwa ce.

Ran nan ta aro wayar salular ƙanena ta matso kusa da ni, ta kunna mini wani bidiyo. Wata mata ce a ciki, an sa mata hula mai wayoyi, tana lissafi gaban na'ura.

"Inna, dubi. Hular nan tana gane in ƙwaƙwalwa ta gaji, sai na'urar ta sassauta tambayar. Mushenmu, malamin ajinmu, ya ce gaskiya ce."

"To, sai mu aika garin Gidigir a sayo miki ranar kasuwa," na ce ina dariya.

Ba ta yi dariya ba. "Da akwai ta nan, da kin ga ba ƙarya nake ba."

Na kwance kallabinta, na ɗaure mata kai tamau yadda ake yi wa mai ciwon kai, na ce, "Ga taki hular. Ƙarasa shafin."

Ta ƙarasa shi, ido na hawaye.

Ba a yi wata biyu ba ta faɗi a aji. A Damagaram aka ɗauki hoton kanta, likita ya ce ƙari ne, ya daɗe yana girma. Ya tambaye ni yaushe ta fara kukan ciwon kai. Ba ta ga ranar jarrabawar ba.

Na san ajali ba ya jinkiri, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Abin da ke cina shi ne ta tafi tana neman shaida a gaban uwarta. Tun daga nan na koyi cewa in ɗa ya ce maka yana jin ciwo, ka fara yarda da shi, bincike ya biyo baya.