Yadda Lyman Pettibone Ya Kashe Murhunsa da Bakinsa

Lyman Pettibone ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana koyar da adabi a sakandaren garinmu, cikin duwatsun Vermont a Amurka, kuma darasi ɗaya ya yi ta nanatawa har kunnuwa suka gaji. Tsofaffin littattafan ƙasar nan, in ji shi, gwarzo ɗaya suka sani: namijin da ya juya wa gari baya, ya shiga daji ko ya bi kogi, ba mace, ba maƙwabci, ba ya ce wa kowa taimake ni. Wannan shi ne Ba'amurke, saura 'yan rakiya ne. Littattafan da mata suka rubuta kan girki da jinya da zaman maƙwabtaka kuwa, a ƙasan kanta yake jibge su, yana kiransu surutun madafa. Yarinyar da ta kuskura ta yabi ɗaya a jarrabawa sai ta sha jan biro.

Shi kuwa gwarzon namu ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba. Ƙanwarsa Lavinia ce ke yi masa wanki da girki, shi yana ta wa'azin dogaro da kai da cikinsa cike.

Da ya yi ritaya sai ya tara gemu, ya sayi gatari, ya koma wani ɗan gidan katako a kan tudu, wai zai nuna wa duniya yadda ake yi. Itacen jin ɗumin da ya faskara ko Kirsimeti ba zai kai shi ba. Amma a garinmu, idan sanyi ya kama, matasa kan saro itace a dajin gari su jera wa tsofaffi a bayan gida, ba sallama, ba a kuma faɗa. Abin kunya ne ka sa dattijo ya yi maka godiya. Haka tulin Lyman ya ƙi raguwa duk hunturun, wawan kuma ya ɗauka tsabar iya tattalinsa ne.

A taron gari na watan Maris aka kawo maganar da kowace shekara take wucewa ba musu: a ci gaba da sarar wa tsofaffi itace? Sai ga Lyman tsaye, yana gyara murya.

Lavinia ta ja gefen kwat ɗinsa. "Lyman, don Allah zauna. Ba ka san abin da kake shirin yi ba."

"Ke dai yi shiru, Vinnie. Ina ruwanki da maganar maza?"

Ya yi ta zuba. Wai sadaka tana lalata ƙashin bayan al'umma. Wai shi, da furfurarsa, ya ci hunturu guda da gatarinsa kaɗai. Royce Bascom, tsohon ɗalibinsa, wanda shi ne ma ke kai masa itacen a mota, ya sosa ƙeya ya ce, "Mista Pettibone, anya kuwa?"

"Royce, tun kana aji ba ka gane karatu. Yau ma ban sa rai ba."

Aka yi dariya. Royce ya haɗiye maganarsa, don tona wa dattijo asiri a gaban jama'a ba tarbiyyarmu ba ce. Rabin zauren kuwa Lyman ne ya koyar da su, da darasin nan suka girma. Hannuwa suka tashi, aka soke itacen. Ya fita yana baza gemu kamar zakara.

Abin da ya fi ba ni takaici, ba shi kaɗai ya kwasa ba. Tsohuwa Misis Aldrich, da ta rasa mai kawo mata itace, ta rufe gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki, ta tafi birni wurin surukarta tana kuka. Lyman bai ma lura ba.

Hunturu ya dawo, itacensa ya ƙare kafin Kirsimeti. Da farko ya yi ta zagaye gida yana neman sawun ɓarawo a dusar ƙanƙara. Daga baya ya ƙona shinge, ya ƙona kujera. Girman kai ya hana shi sauka gari. Sai ya juya kan littattafai, ya fara daga ƙasan kanta.

Wata safiya Lavinia ta hau tudun, ta same shi tsugune cikin bargo yana yaga shafuka yana cusa wa murhu. Littattafan gwarzayensa na nan jere a saman kanta, ko ɗaya bai taɓa ba. Ta dube shi, ta dubi wutar.

"Ashe dai surutun madafa na da rana," in ji ta. "Har yau mata ne ke ɗumama ka. Tashi mu tafi."

Ya tashi. A gari ya riƙa gaya wa mutane cewa ya sauko ne don ya kula da ƙanwarsa, tunda ta fara tsufa. Ranar kuwa kowa ya ga saukowarsu: shi a gaba da sandarsa, Lavinia a baya, rungume da akwatin gwarzayen.