Kawu Alu da Tsani Mai Ƙafa Uku

Duk wanda ya san Kawu Alu, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya wuce tsani bai girgiza shi ba. Ko gidan rasuwa ya je, in ya hangi tsani jingine da rumbu sai ya jijjiga shi, ya yi tsaki, sannan ya yi ta'aziyya.

Igwarsa ce ta ja wannan. Haka mutanen Bagudo ke kiran ƙaton madubin hangen nesan da wani Baturen safiyo ya bar masa shekarar da aka samu mulkin kai, bayan ya daɗe yana yi masa dako a iyakar Dahome. Kawu ya kafa shi kan gungumen giginya don ya haye katanga, saboda haka dole sai an hau kafin a sa ido. Ni kuwa kullum na dawo makaranta ina leƙe ta hujin zana. Sau ɗaya tak nake so in duba, kunya ta hana ni roƙo.

Ranar kasuwar Lolo wani kafinta ya nuna masa tsani sabo fil. Kawu ya hau har ƙarshe, ya saki hannu biyu, ya yi atishawa da gangan. Tsani ya kama rawa.

"Haba Malam, ai riƙewa akai!" in ji kafinta.

"Hannu guda na ga igwa, guda na ga hulata. Da mi zan riƙe, da haƙori? Murhun matarka duwatsu nawa na?"

"Ukku."

"Tukunya ta taɓa kihewa? To yi min mai ƙahwa ukku, matakai masu hwaɗi."

Da aka gama, tsanin ya fi ƙarfin kwalekwale. Mai jirgi ya ce, "Baba, ko kai ko shi." Kawu ya aza tsanin, ya bi gaɓar Kwara a ƙasa yana yi wa mai jirgi ihu ya tuƙa a hankali. Da labari ya iso gida, matarsa Inna Hajo ta riƙe haɓa.

"Ni da ka ɗauko daga Geza bisa jaki, ko waiwaye ba ka yi ba!"

"Ke kina da hannun riƙe jaki," in ji shi.

Bara, yammacin duban watan azumi, maza suka cika ƙofar gidansa bayan magariba. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya hau, ya daɗe, ya sauko.

"Ladi! Taho nan. Shekara biyu kina huda min zana."

Na ji kamar in nutse. Maƙwabcinsa Malam Bawa ya zabura. "Alu, ɗiya mace bisa tsani, gaban maza?"

"Tsanina na, igwata ta, ɗiyar yayata ta. Wanda bai so shi ruhe ido, daman ba ganin watan yakai ba!"

Na tattare zanena na hau. Tsanin ko gizau. Na sa ido. Sai ga shi, siriri kamar yankan farce, fari tas.

"Ga shi," na ce, da ƙyar aka ji ni.

"Ba a kama azumi da maganar yarinya," in ji Malam Bawa.

"To hau."

Malam Bawa ya naɗe riga ya hau yana salati. Ya sa ido, can ya ce, "Kai Alu! Watan ga a kihe yake!" Bai san igwa kife komai take yi ba.

"A kihe ko a miƙe, gobe babu hurar rana."

Da mutane suka watse, Kawu ya kira ni gefe, ya rage murya. "Hwaɗa min yadda yake." Na faɗa masa. Ya ce in sake. Sau uku na faɗa, yana gyaɗa kai, idonsa a lumshe.

Da damina ya rasu. Allah Ya jiƙan Kawu Alu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya nuna masa abin da ya fi wata kyau. Amin.