Ranar da Inna ta zo ganin jikarta a kwamfuta

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ke sabon shigowa Birnin Kebbi, ina aiki a wani kafe na intanet kusa da kasuwa, ni ke kula da na'urori. Abin da na fi ji da shi a wurin shi ne saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓo intanet ta raba wa sauran. Ita ke ba kowace kwamfuta adireshi, kamar lambar gida, don saƙo ya san inda zai sauka. Na sa mata katin netwok biyu, wato inda ake jona wayar intanet, na haɗe su suna aiki kamar ɗaya, ko ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin wannan dabara, ko bai tambaya ba.

A lokacin yayata tana Malesiya, ta bi mijinta da ke karatu, a can kuma ta haihu. Mijin ya aiko cewa ya roƙi ɗakin kwamfuta na makarantarsu mai kyamara, zai kawo mai jego da jaririya ranar Asabar. Lokacin da aka ba shi daga hantsinmu ne zuwa kafin azahar, don a lokacin magariba ta yi a can, za a rufe ɗakin.

Mahaifiyata ta biyo motar farko daga Argungu. Ta sha lalle, ta ɗaura atamfar da ba ta fito da ita sai da salla. Na zaunar da ita gaban kwamfutar da ke da kyamara, na kunna cike da isa.

Shiru. Shafi ya ƙi buɗewa.

Na koma ta kusa, ita tana yi. Ta gaba da ita ba ta yi. Na duba waɗanda suka ƙi, sai na ga adireshin da ke kansu ba irin wanda sabata ke bayarwa ba ne, lambobin farkon ma daban. Kwastomomi suka soma kiran sunana ta ko'ina. Na yi niyyar mayar da kyamarar kan wadda ke aiki, kafin in kwance ta ita ma ta ɗauke.

Zuciyata ta tafi kan katunan nan biyu. Na zare wayar ɗaya, ba canji. Na mayar na zare ɗayar. Na raba haɗin gaba ɗaya na sake haɗawa, sai sabar ma ta rasa nata adireshin, na shiga rubuta mata da hannu. Rigata ta jiƙe sharkaf, ga fanka na kaɗawa a kaina.

"Mi aka ciki?" in ji Inna.

"Yanzu za ta yi, Inna."

"Awo," ta ce, ta gyara mayafi, ta ci gaba da kallon gilashin da babu kowa ciki. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na fita waje na kira abokina da ke koyarwa a fannin kwamfuta. Na soma zuba masa bayanin katunan, ya katse ni.

"Bar katunan nan su huta. Ka tabbata sabarka kaɗai ke rabon adireshi a gidan?"

"To wa zai raba in ba ita ba?"

"Ni ma shi nake tambayarka. Bi wayoyinka ɗaya bayan ɗaya."

Na durƙusa bayan tebura ina bin waya da hannu. Duk na san su, sai wata shuɗiya da ta bi ƙarƙashin ƙofa ta shige ofishin mai kafe. Na yi sallama na shiga. Ga wani ɗan akwati mai eriya a kan teburinsa, fitilunsa sai ƙiftawa suke.

"Alhaji, wannan fa?"

Ya washe baki. "Tsarabar Umara ce. An ce yana ba da intanet ba waya. Da safe na jona shi, na ce in ba ka mamaki."

Ya kuwa ba ni. Ashe akwatin shi ma rabon adireshi yake, duk kwamfutar da ta nema sai ya riga sabar amsawa, ya ba ta lambar da ba ta kai ta ko'ina. Na roƙi Alhaji ya ajiye mini mamakin zuwa gobe, na zare wayar, na ruga na sake kunna kwamfutar Inna.

Hoton ya fito yana tsinkewa, amma ya fito. Ga yayata da kallabi, ga jaririya naɗe cikin farin zane. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin siminti.

Yayata ita ce 'yar fari, kuma kun san iyayenmu da kunyar ɗan fari. Ita tana ta kuka tana "Inna, Inna," Inna ko kallon sashenta ba ta yi ba. Sai ta matso, jaririyar ta yi wa magana.

"Ke baƙuwa, sannu da zuwa. Ki ce ma uwarki ta riƙa shan kunun kanwa da zahi, kada ta yi wasa da ruwan wanka."

Haka ta yi ta aika wa 'yarta saƙo ta bakin jinjirar da ke barci, har aka zo rufe ɗakin.

Na raka Inna tasha. Sai da ta sa ƙafa a mota ta juyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta rame ne, ko abin nan naku ne ke nuna ta haka?"

Na san yayata take nufi. Na ce abinmu ne, Inna. Ta yi ajiyar zuciya ta shiga.

Daga ranar na koyi in tambayi me aka ƙara a wuri kafin in kwance abin da ke lafiya lau. Amma gaskiya ba darasin na fi tunawa ba. Na riƙe manyan na'urori bayan nan, na ga sun tsaya, na ga sun tashi, ban sake jin sanyin rai irin na lokacin da hoton nan ya fito ba. Da na ƙara ɗan jinkiri, haka Inna za ta koma Argungu ba ta ga kowa ba, kuma na san ba za ta taɓa ce mini ta ji ciwo ba.