Mai Cire Mata Ƙayar Kifi

'Yata ta fari ce ta kai ni Italiya, shekarar da ta kammala karatunta a can. Garin da take zaune ƙarami ne, a bakin teku, gidajensu a manne da jikin dutse, wani bisa wani. Tana haya a saman benen wata tsohuwa wadda mijinta masunci ne kafin ya rasu. A nan aka sauke ni, a ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa.

Mu a cikin birnin Zariya, yadda na taso na tarar, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ana yaye yarinyar nan kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Ƙofar Gayan, can ta girma. In ta zo gidanmu "ke" nake ce mata, ita kuma tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ko a ajin yaƙi da jahilci, ranar da malama ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, daga na biyu na fara. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai da na shiga gidan tsohuwar nan.

Tun a bakin ƙofa tsohuwar ta kwaɗa wa yarinyar kira da sunanta, sunan da mahaifinta ya raɗa mata, tana jan ƙarshensa kamar mai waƙa. Ta kama kumatunta ta sumbace su. Yarinyar ta ce mata Mama. Ni ma matar ta rungume ni, na tsaya a sandare da jakata a hannu.

Kullum da yamma a ƙasa muke cin abinci, kan tebur mai shimfiɗar leda. Tsohuwar ta san ba ma cin naman da ba yankanmu ba, saboda haka kifi ne kullum: wani a gasa da lemon tsami, wani a cikin taliya da tumatir da man zaitun. Ba zan ci amanarta ba, matar ta iya girki. Amma ni na san yarinyar nan ba ta cin kifi. Tana ƙarama ƙaya ta taɓa maƙale mata a wuya, kakarta ta yi ta tura mata lomar tuwo, ni ina bayan ƙyaure ina leƙe, kunya ta hana ni fitowa. Sai ga shi tsohuwar ta jawo farantin yarinyar, ta buɗe kifin da yatsu, ta tsince ƙayoyin tas, ta mayar mata. Ita kuwa ta hau ci.

Na tambaye ta a hankali yaushe ta fara cin kifi. Ta ce tun sanyin farko da ta yi a garin, da zazzaɓi ya kwantar da ita, Mama ce ta yi ta ba ta romonsa a baki. Ni ba a taɓa faɗa mini ta yi zazzaɓi ba.

Na zo da kuka da daddawa a ƙasan akwatina. Ban fito da su ba. Da safe mukan hau jirgin ƙasa mu je kallon ƙauyukan kusa, mu ga gonakin inabi a kan tudu da tsoffin gine-ginen dutse. Wuraren suna da kyau, amma rabin abin da aka nuna mini ban gani ba. Idona na kan wayar yarinyar, ina jiran lokacin da tsohuwar za ta bugo ta tambayi ko ta ci abinci. Kuma sai ta bugo.

Ana jibi zan tafi, muka fita mu uku za mu shiga jirgin ruwa zuwa wani ƙauye da mota ba ta kaiwa. Bakin ruwan cike yake da baƙi. Yarinyar ta yi gaba don ta karɓo mana tikiti, sai na ga ta nufi wani layi daban, jirginmu kuma ya fara ɗiba. Tsohuwar na can tana gardama da mai sayar da lemo. Na ce "ke", na sake cewa "ke", hayaniya ta haɗiye. Na duba, ba wanda ya san ni a wurin, ba suruka, ba maƙwabciya. Sai na kira sunanta.

Ba ta waiwayo ba.

Tsohuwar ta ɗago kai, ta ja sunan nan nata sau ɗaya, yarinyar ta juyo da gudu. A cikin jirgin na zauna ina kallon ruwa. Suka ɗauka jiri ne, matar ta ba ni ɓawon lemo in shinshina. Na karɓa na yi godiya, raina kuwa kamar in jefa shi a teku.

Da yamma aka kawo kifi gasasshe. Tsohuwar ta koma kicin ɗauko burodi. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce da Hausa:

"Yaya, ɗazu a bakin ruwa, ke ce?"

Na ce, "Jirgi ne zai tashi."

"Na ji fa. Ban san muryar ba ne da sunan, sai na ce wata ake kira."

Ta turo farantinta gabana, ta ce, "To cire mini."

Na wanke hannu na fara. Ban saba da irin kifinsu ba, na dagargaza shi, ya koma kamar dambu. Tsohuwar ta dawo ta tsaya a kaina, ta nuna wata ƙaya da na bari a gefen ciki. Na cire ta ban ɗago ba. Ta ce wani abu da yarensu tana dariya, ta dafa kafaɗata. Yarinyar ta ce wai cewa ta yi gobe ma ni zan yi, sai hannuna ya faɗa.

Washegari na sauko da kuka da daddawa na ajiye a kicin ɗin tsohuwar. Ta shinshina daddawar ta yamutsa fuska, kuma Allah ya sani na ji daɗin hakan. Har yau in yarinyar ta bugo waya ina jiyo muryar matar a bayanta tana jan sunan, sai in ɗan janye wayar daga kunnena har ta gama.