Karen da Ba Ya Haushi

A shekarar da ruwan kogi ya wuce iyakarsa har ya cinye mana shinkafar fadama, ina da shekara biyu da aure, kuma sana'ar su, wato kamun kifi, nake yi a wani ɗan ƙauye kusa da Guri. Wata safiya na tura kwalekwale zan duba komata, ragar da na kafa wa kifi, sai na hango wani abu a kan ɗan tudun da ruwa ya kewaye. Da na matsa na ga kare ne, ja, haƙarƙarinsa duk a waje. An datse masa kunnuwa irin na karnukan farauta. A wuyansa akwai guntuwar igiyar kaba, kuma da na duba bakinta sai na ga da wuƙa aka yanke ta, ba tsinkewa ta yi ba.

Bai yi mini gurnani ba, bai kuma kaɗa jela ba. Hannuna kawai yake kallo. Na jefa masa ƙaramar tarwaɗa, bai taɓa ba sai da na juya baya. Sai da rana ta take kafin ya yarda ya shiga kwalekwalen, ya maƙale a can ƙarshe.

Matata na ganinsa ta tsaya da murfin tukunya a hannu.

"Maigida, wannan fa? Na wane ne?"

"Ruwa ne ya ba ni."

"To kada ya wuce zaure. Kada ya kusanci randa, kada ya taka inda muke salla. Ranar da ya taɓa mini kifin banda kuwa, ranar zai bar gidan nan."

Na yarda da duka, duk da ban san yadda ake sa kare ya ji magana ba. Sai na je wurin kawuna, wanda tsohon maharbi ne. Ya ce kowane abu kalma ɗaya zan ba shi, kada in canja ta, kada in ɗaga murya, kuma in ajiye sanda. In ya yi daidai in ba shi kan kifi nan take.

Haka na fara da kalma uku, wato zo, kwanta, da bari. Kwanakin farko wahala na sha, don ko hannu na ɗaga zan sosa ƙeya sai ya ja da baya. Ran nan dai ya karɓi kan kifi daga tafina, daga nan abin ya kama gudu. Kafin sati biyu, in na ce kwanta sai ya kwanta, ba zai tashi ba sai na kira shi, ko da na kai bakin ruwa. Nakan ajiye kifi a gaban hancinsa in ce bari, ya kau da kai. Ƙofar zaure kuwa sau biyu kacal na nuna masa.

Na kira kawuna ya zo ya gani, ina jiran yabo. Ya zauna a kan turmi ya kalli komai, sannan ya dube ni.

"Ɗan nan, karen nan ba koyo yake yi ba. Ya riga ya iya. Bakinka kawai yake nazari."

"To ai sauƙi na samu, Kawu."

"Tun da ya zo, ka taɓa jin haushinsa?"

Na yi tunani. Masu tallan gishiri sun shigo ƙauyen, makiyaya sun ratsa da shanu, wata rana ma dila ya gifta ta bayan danga. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ba. Sai dai ya miƙe, ya kafe idonsa a wurin, ya waiwayo ni.

"Kare da haushinsa ake haihuwarsa," in ji kawuna. "Wani ne ya zauna ya cire masa shi. Ka tambayi kanka, wane irin mutum ne ba ya son a ji zuwansa?"

A wancan zamanin wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mahara kan faɗa wa ƙauye su kwashe mutane da dabbobi, kuma kowa ya san sukan turo mai leƙen asiri tukuna. Maganar kawuna ta fita. Da bijimin wani Bafillace maƙwabcinmu ya ɓace, babu wanda ya ce mini komai, amma in na wuce da karen sai hira ta tsaya. Ni kaina na fara yi masa kallon baƙo. Wata rana na baza kifi, na ce bari, na yi kamar na fita, na laɓe a bayan zana. Bai taɓa kifin ba. Zanan da nake bayansa ya zuba wa ido har na gaji na fito ina jin kunya.

Da ruwa ya ja baya na kai banda kasuwar Guri, yana biye da ni. Ina cikin ciniki sai na ji an ƙyasta yatsa sau biyu, aka bi da ɗan gajeren fito. Karen ya zube a ƙasa, ciki da haɓa manne da turɓaya. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan kwanciyar ba.

Wani dogon mutum ne, Hausarsa da karin Barebari. Ya yi sallama ya tsuguna.

"Malam, karen wana ne wannan. Maharbin agwagin ruwa ne, shi ya sa ya hana shi haushi. Jirginsu ya kife a ambaliya. Ni na yanke igiyar don kada ya nutse. Wan nawa bai fito ba."

Na yi masa ta'aziyya. Maganarsa ta dace da duk abin da na gani, kuma dacewar ce ta ƙara damuna. Na tambaye shi garinsu, ya yi nuni da haɓa wajen gabas. Shi kuma ya tambaye ni namu ƙauyen, ko ta tudu ake shiga ko ta ruwa, ko muna da yawa. Na ce masa daga wajen Kafin Hausa nake. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

"Zan tafi da shi," ya ce.

"Kira shi. In ya bi ka, naka ne."

Ya yi fito. Karen ya miƙe, ya yi taku uku wajensa. Ban shirya yin magana ba, na dai ji bakina ya ce, "Kwanta." Ya tsaya a tsakaninmu. Sannan ya kwanta irin tawa kwanciyar, kai a sama, yana haki. Mutumin ya daɗe yana kallonsa, ya yi murmushi, ya ce Allah ya bar ku tare, ya shige cikin masu hatsi.

Ranar ta doguwar hanya na koma gida, ina tafiya ina waiwaye. Na gaya wa mai gari, ya sa aka gyara shingen ƙaya, aka riƙa kula da mashigar ruwa har rani ya ƙare. Babu wanda ya zo. Bijimin Bafillacen ma ba a gan shi ba, kuma ba a san wanda ya ɗauka ba. Har yau ban sani ba ko mai makoki na yi wa ƙarya, ko ɗan leƙen asiri.

Shekara bakwai karen ya yi tare da ni. Ya koyi tsaron kwalekwale da koran tsuntsaye daga shinkafa, har jan igiyar koma yana yi. Sau ɗaya, muna mu biyu a fadama, na gwada ƙyasta yatsan nan da fiton. Ya zube kamar an sare shi, kuma ya yi kwana biyu bai biyo ni bakin ruwa ba. Ban sake ba.