Tokar da Na Tankaɗe

Ina aji huɗu a sakandaren kusa da ƙauyenmu, can gefen Tofa, a shekarun da ruwa ke ɗaukewa tun gero bai kai gwiwa ba. Makarantar na da wani ɗan ɗakin tarihi: garma, masaƙa, ƙore, duk sun yi ƙura. A samansu an kafa allo da Turanci, wai kayan mutanen da ne. Abin ya riƙa ci min rai, don irin garmar nan Baba ke saɓawa kullum da safe.

Ni da 'yan ajinmu muka haɗa kai, malamin tarihi ya ba mu makullin ɗakin. Kowa zai kawo abin gidansu, mu sake rubutun da Hausa. Ni da na fi kowa zaƙewa sai na nufi tulun kakata, Iya. Irin wake ne a ciki, mai nuna da wuri ko ruwa ya gaza, daga uwarta ta gaje shi. Yunwa ta sa maƙwabta sun cinye nasu, nata kaɗai ya rage.

"Maigidan, kai da fartanya ke ba ka tsoro, me za ka yi da iri?"

"Duniya za mu nuna wa, Iya."

"To, duniya ta gani. Ka dawo min da shi kafin ruwan shuka."

Da muka fasa liƙin lakar da ke bakin tulun, sai ga waken cakuɗe da toka. Muka ce wannan ƙazanta ba da mu ba. Da hannuna na tankaɗe, na zuba shi fes a faranti cikin akwatin gilashi. Ɗan manomi ne ni, amma ban taɓa tambayar amfanin tokar ba, ashe ita ke hana ƙwari. Na rubuta a takarda: "Har yau muna shuka shi."

Aka tafi hutu. Ranar da hadari ya fara haɗuwa na je ɗaukowa. Kowace ƙwaya ta huje, ƙwari na yawo a jikin gilashin.

Iya ta zuba a tafin hannunta ta murza. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta zauna tana tsinta ɗai-ɗai har la'asar, ta shuka abin da ta samu a bayan gida. Ko ɗaya bai tsiro ba, kuma har yau abin na min ciwo.

Ta ce ba ta son ganin tulun, sai na mayar da shi makaranta. Na cire takardata. Allon Turancin na nan bayan ƙofa inda muka jefar, ni na ɗauko shi na jingina a jikin tulun.