Tumbin Baba Dramani

Da an sallame sallar asuba a Moshi Zango kowa sai ya kama gabansa. Shi kuwa Baba Dramani sai ya zura takalmin roba, ya tura kurarsa zuwa mayanka. Abin da mahauta ke zubarwa shi yake zuwa nema: kashin shanu da dattin da ake juyewa daga tumbinsu. A hanyar dawowa ya bi ta wurin masu abinci ya kwashi ɓawon rogo da na doya. Ya dama su da ruwa, ya ɗura a wani ƙaton rami mai murfin siminti da ke bayan mayankar. Can ciki suke ruɓewa su fitar da gas, gas ɗin ya bi bututu zuwa murhun mata masu abincin sayarwa. Wasu ɗaliban jami'a ne suka gina ramin suka koya masa aikin, shi kuma ya raɗa masa suna Tumbi, wai don shi ma kullum sai an ciyar da shi, in kuwa ruwan sabulu ya shiga cikinsa ya yi fushi ya daina aiki.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi, Baba Dramani zai ajiye kura ya miƙa wa Sulemana mahauci. Ba zan bari ya tafi shiru ba, domin ni Faridatu bashin rai nake jin yana bina.

Mahaifiyata, Mma Barkisu, shinkafa da wake take sayarwa tun kafin a haife ni. A cikin hayaƙin itace ta yi ƙuruciyarta, a ciki ta tsufa. Tari ya kama ta har ta kai ba ta iya kai ƙarshen Fatiha sai ta tsaya ta nemi numfashi. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: ko ta bar hayaƙi, ko hayaƙi ya kai ta. To ta bar tukunya mu ci me? Ana nan sai Baba Dramani ya zo da bututu a kafaɗa ya ce, "Mma, ki gwada wannan wutar. Ba ta hayaƙi."

Ta gwada. Wuta shuɗiya, tsaf, gindin tukunya ko baƙi bai yi ba. Amma sai magana ta tashi a unguwa, wai Barkisu da najasa take girki. Ei, jama'a! Mutanen da suka shekara suna lashe hannu a bencinta su ne suke wucewa suna toshe hanci. Shi kuma aka laƙaba masa Dramani Mai Kashi, ana kiransa haka har a ƙofar masallaci. Abinci ya riƙa kwantai. Wata safiya na tarar da Mma ta jera duwatsun murhu tana hura itace, tana tari, idanunta na zubar da ruwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kai ne, Baba, ka zo ka tsuguna ka zare itacen nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ka yi faɗa da kowa ba. Ka wanke jikinka, ka sa farar riga, ka tafi wurin Malam Kamaluddin mai makarantar Alƙur'ani ka ce, "Malam, ban san littafi ba. Ka zo ka ga abin da nake zubawa. In haram ne, yau zan rufe ramin."

Malam ya zo, mutane na biye da shi. Ya duba kura, ya leƙa bakin Tumbi, ya yi tambayoyinsa. Sannan ya ce a karatun da ya gada, kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle iskar da ta fito daga cikinsa ta zama wuta. Bai tsaya nan ba. Ya zauna a bencin Mma ya ce, "Barkisu, zuba mini, ki sa yaji da yawa." Ya ci da hannunsa a gaban kowa, har ya nemi ƙari.

Masu toshe hanci suka dawo da kwanukansu, ko kunya babu. Ba wanda ya ba Baba Dramani haƙuri, shi ma bai nema ba.

Ku da kuke unguwar nan kun san yadda kwatarmu take a da. Dattin mayanka ya cika ta, ƙudaje su tashi daga can su sauka a abincin yara, ruwan sama ya kwashi sauran zuwa rafi. Iskar da ke tashi daga wannan ruɓa, wadda masana ke cewa tana ƙara wa duniya zafi, ita ce yau take dafa mana wake. Itacen da matan nan za su ƙone yana tsaye a daji da ganyensa. Abin da Tumbi ya fitar kuma masu lambu daga unguwar Atonsu ke zuwa ɗiba su yi taki. Duk wannan ba ya faruwa sai wani ya yarda ya sa hannu a abin da kowa ke ƙyama, kullum, ruwa ko rana, har da ranar Sallah da yanka ya fi yawa.

Baba Dramani, mai ciyar da Tumbi, mai wutar da ba ta sa hawaye, mun gode. Medaase, yadda mutanen garin nan ke godiya. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa wannan aiki ya tarye ka ranar da babu inuwa sai tasa. Ku kuma 'yan Zango, in kun ga Sulemana da kura, ku gaishe shi da sunansa na yanka, ku ware masa ɓawonku, kada ku haɗa da leda. Wanda yake da ƙarfi ya kama masa turi a hawan nan na bayan kasuwa.

Mma ba ta warke sarai ba, likita ya ce abin da hayaƙi ya ci ya riga ya ci. Amma Juma'ar da ta wuce na tsaya kusa da ita muna sallah. Ina jin raɗarta, ta ɗauko Fatiha daga Bismillah har Amin, ba ta tsaya ba. Ni ce na kasa ƙarasa tawa.